Ku Tambayi Mai Gyara: Na'urar Da Ta Cika Ɗaki Jiya, Yau Tana Aljihu

Assalamu alaikum. Daga Garwa nake rubuto muku, cikin Afrilu, watan da ko mariƙin ƙofa ka taɓa da azahar sai ka yarfe hannu. Ga wanda yau ya fara cin karo da wannan fili: ni ba likita ba ne, mai gyaran na'urorin asibiti ne. Shekara 27 ke nan ina yawo da jakar sukudireba da dalma tsakanin Ngaundere da Kusseri. Abin da ya shafi magani ku kai wa likita. Abin da ya shafi ƙarfe da waya da batir, ku kawo mini.

Da na baje wasiƙun wannan wata a tabarma, sai na ga kusan duk bakinsu ɗaya. Kayan asibiti sai ƙara ƙanƙancewa suke yi, jama'a kuma sun rasa gane ko ci gaba ne ko wayon 'yan kasuwa. Ga waɗanda na tsamo.

Tambaya: Malam, mahaifina shekararsa 71. Jiri ya dame shi, sau biyu yana yanke jiki ya faɗi a masallaci. Likitan zuciya a Njamena ya ce zuciyarsa ba ta wuce bugu 35 a minti, sai an sa masa batir. Tsoho ya kafe, ya ce ba wanda zai binne masa rediyo a ƙirji. Wani kuma ya ce mana yanzu akwai ƙarami kamar ƙwayar magani. Da gaske ne?
Wani ɗan kasuwa, Kusseri

Amsa: Alhaji, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce ina gaishe shi, ka kuma gaya masa zancen rediyo ba ƙarya ya yi ba, sai dai labarin ya tsufa da shekara 60 da ɗoriya.

Zuciya tana da nata lantarkin. Akwai wani ɗan gurbi a ɗakinta na sama ta dama da ke ƙyasta wuta sau 60 zuwa 100 a minti, wutar ta bi wata siririyar hanya ta sauka ɗakunan ƙasa, su kuma su matse su tura jini. In hanyar nan ta lalace, kamar yadda takan yi wa tsofaffi, ɗakunan ƙasa sai su riƙa bugawa da kansu a sanyaye, 30 ko 40. Jini bai isa ƙwaƙwalwa ba, mutum ya miƙe daga sujada, duniya ta juya masa. Aikin batirin zuciya gadi ne: yana saurare, in bugu ya zo kan lokaci ya yi shiru, in ya makara ya ƙyasta tasa.

Na farko-farko akwatuna ne da ake turawa kan tayoyi, a jona su da wutar bango. A Oktoban 1957 aka ɗauke wuta a birnin Miniyafolis na Amurka, ga yaran da aka yi wa aikin zuciya kwance, ransu rataye da soket. Likitansu, Walton Lillehei, ya nemi wani mai gyaran kayan asibiti irina, Earl Bakken, wanda a gareji ya fara sana'a, ya ce masa ya samo mafita. Cikin wata guda Bakken ya haɗa ɗan akwati mai batir da za a iya ɗaura wa majiyyaci a jiki. Garejin nan shi ne asalin kamfanin Medtronic. Ina son labarin nan don ɗauke wuta sau ɗaya ce ta haife shi. Mu da ake ɗauke mana safe da yamma, da haka lissafin yake tafiya da tuni mun cika duniya da ƙirƙira.

Da shekara ta zagayo, 1958, a ƙasar Suwidin aka fara dasa na'urar cikin jikin mutum, wani mai suna Arne Larsson. A gwangwanin man goge takalmi aka zuba ta aka fitar da siffarta, ka ga girmanta ke nan. Awa 3 ta yi ta mutu, aka sa masa wata. Haka aka yi ta canja masa fiye da sau 20, har ya rasu a 2001 yana da shekara 86, bayan likitan da ya dasa masa da injiniyan da ya ƙera ta duk sun riga shi. Wannan wurin ka karanta wa Baba sau biyu.

Wadda aka fi sawa yau ba ta kai kwalin ashana kauri ba, nauyinta giram 20 zuwa 30. Ana tsaga fata kaɗan ƙarƙashin ƙashin wuya, a yi mata ɗan aljihu, a zura waya ɗaya ko biyu ta jijiya har cikin zuciya. Yawanci ba a ma sa mutum barci, wurin kawai ake kashewa. Batirinta yakan kai wajen shekara 10.

Ƙaramar da aka ba ku labari ita ma gaskiya ce. Micra sunanta, Amurka ta amince da ita a 2016. Girman ƙwallon dabino, nauyi bai wuce giram 2 ba, babu waya, babu aljihu. Ta jijiyar cinya ake tura ta cikin siririn tiyo, ta maƙale a bangon zuciya da 'yan ƙugiyoyi. Dalilin wannan wahala shi ne yawancin matsalar waccan daga waya da aljihu take fitowa: waya ta karye, ko aljihu ya kama ƙwayar cuta ya yi mugunya. Da aka kawar da su biyun, an toshe manyan ƙofofin ɓarna.

Amma Alhaji, ba a nan gizo ke saƙar ba. Kuɗinta ya ninka na waccan, ba kowane majiyyaci take dacewa da shi ba, sannan kowace na'urar zuciya sai an riƙa duba ta lokaci-lokaci da kwamfutar kamfanin da ya yi ta. In kun kai shi Indiya ko Masar an sa masa irin wadda babu mai duba ta kusa da ku, kun sayo wa kanku tafiya marar ƙarewa. Ka tambayi likitanku wacce yake da abin duba ta, ku sa waccan. A nan Kamaru ana dasawa a Duwala da Yawunde, da cibiyar zuciya ta Shisong da aka buɗe a 2009. Bayan an sa, ka sa ido kan aljihun ƙirjin rigar Baba. Nan tsofaffinmu ke ajiye wayar hannu, daidai kan na'urar. Ya mai da ita aljihun gefe, ya kuma nisanci masu walda. Sujada kuwa, da ciwon ya warke, ya yi abinsa.

Tambaya: Ina da ciwon suga shekara 9. Ɗana ya sayo mini agogo a kasuwa, wai yana auna suga ba sai an huda yatsa ba. Tun da na ɗaura shi na huta da allura. Yana da kyau?
Wata Hajiya, Marwa

Amsa: Ranki ya daɗe, don Allah yau ɗin nan ki koma kan na'urarki ta da. Agogon ki bar shi ya riƙa gaya miki lokacin salla. A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito ta yi gargaɗi cewa babu agogo ko zoben da ta amince yana auna suga da kansa ba tare da an huda fata ba. Ni ma an taɓa kawo mini irinsa shago. Na ɗaura shi a wuyan kwalbar lemo, ya yi ɗan nazari, ya ce sugan kwalba lafiya lau. Haɗarin shi ne ki ga lamba mai kyau ki rage magani, ko ki ga mai yawa ki ƙara allurar insulin.

Ƙanƙantar gaskiya tana jikin wadda kika ajiye. Na'urar awon suga ta farko, ta 1970, ta kai kilo guda, a ofishin likita take zama. Taki tana shiga jakar hannu, ɗigon jini kamar kan ashana, daƙiƙa 5 ta ba da amsa. Akwai kuma wadda ake mannawa a damtse, faɗin kuɗin ƙarfe, FreeStyle Libre, da ta fito a Turai a 2014. Tana yin kwana 14, amma ita ma tana da ɗan siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata, kuma duk mako biyu sai an sayi sabuwa.

Tun da mun zo nan, Hajiya, tsinkayen awon nan da a farmasi ake ce wa bandelet ba sa son zafi. Yawancinsu an rubuta kada su wuce digiri 30, mu kuwa a wannan wata muna haura 40. Kada a bar su a mota ko bakin taga, a rufe kwalbar da an zari ɗaya, a ajiye ta ƙuryar ɗaki mafi sanyi. Ga shi kuma lokacin mangwaro ne. In kika yanka wa jikoki, kika huda yatsa ba ki wanke da sabulu ba, sugan mangwaron za ta auna, ba naki ba. Kada kuma lambobi su ruɗe ki: takardar asibitinmu ta ce 1,26, na'urarki ta ce 126, ta wata ƙasar ta ce 7. Hatsin ɗaya ne, mudun ne ya bambanta.

Tambaya: Matata tana da ciki wata 7. Wasu ma'aikatan lafiya sun zo ƙauyenmu, wata nas ta ɗora mata wani abu kamar injin aski da aka jona da wayar hannu, ta ce mabiyiya ta sauko ta tare hanya, wai dole ta haihu a babban asibiti. Ni na san injin eko, na hoton ciki, babba ne mai talabijin. Wannan na waya ba wasan yara ba ne? Haihuwarta 4, duk a gida.
Wani manomi, daga wajen Gidar

Amsa: Ɗan'uwa, ka karɓi maganar nas ɗin nan da hannu biyu.

Bari in ba ka labarin injin mai talabijin. Wata shekara cikin Agusta aka ce in raka ɗaya zuwa wani asibitin karkara. Ƙato ne, mutum 4 suka ɗora shi bayan mota, muka kewaye shi da katifu. Muka isa bakin wani mayo, wato rafi, muka tarar ya cika ya batse. Nan muka kwana, sauro ya yi bikinsa a kanmu. Washegari ruwa ya janye muka haye, mota na tsalle kan duwatsu, ni ina baya na rungume inji sai ka ce mai rakiyar amarya. Da muka isa muka jona, allo ya yi fari fat. Mako 3 muna jiran kayan gyara daga Duwala. Ya tashi, ya yi wata biyu yana aiki, wuta ta dawo da ƙarfi wani dare ta ƙone shi. Duk tsawon wannan lokaci, matar da aka ce ta yi eko a yankin sai ta hau babur tafiyar rabin yini da tsohon ciki. Da yawa ba sa zuwa, kuma ban ga laifinsu ba.

To abin da nas ɗin nan ta zaro daga jakarta, aikin ƙaton nan yake yi. Dabarar irin ta jemage ce: a tura siririn sauti wanda kunne ba ya ji, ya bugi abin da ke ciki ya dawo, a auna jinkirin dawowarsa a zana hoto. Ruwa ya fito baƙi, ƙashi ya fito fari. A da, kan na'urar wasu duwatsu ne na musamman masu karkarwa in wuta ta taɓa su, akwatin da ke yin lissafi kuma ya cinye kusurwar ɗaki. Yanzu lissafin ya koma cikin mariƙin, allo kuma na waya ne. Wani kamfani ma, Butterfly, ya jera 'yan mitsi-mitsin ganguna kusan 9,000 a kan guntun silikon ɗaya a maimakon duwatsun. Ya samu izini a 2017, ya sa mata kuɗi wajen dala 2,000 (dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba), alhali manyan suna cin ninkin-ba-ninkin wannan.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki a yi mata eko sau ɗaya kafin mako 24. Da ƙaton inji, a wurinmu wannan zancen takarda ne. Da na aljihu, abu ne mai yiwuwa. In an tambaye ni, wannan shi ne amfanin ƙanƙantar kayan asibiti da ya fi duk sauran: da majiyyaci ke bin na'ura, yanzu ita ke hawa babur ta je ta same shi a gindin bishiyar garinsu.

Ban ce ba ta da aibu ba. Hotonta bai kai na babba fita ba, ƙananan lahani a zuciyar jariri ba aikinta ba ne, takan ɗau zafi a rana irin tamu ta tsaya sai ta huce, kuma hannu da idon mai riƙe da ita su ne rabin aikin. Amma manyan tambayoyin, ɗaya ne ko tagwaye, kai ne a ƙasa ko a gicciye yake, zuciya na bugawa, ina mabiyiya ta zauna, waɗannan tana amsa su sarai.

Mabiyiya in ta tare bakin mahaifa, ba ruwanta da haihuwa 4 da aka yi lafiya. Naƙuda na farawa, ko ma kafin nan, jini ne zai ɓalle, irin wanda ungozoma ba ta da yadda za ta yi da shi. Wani lokaci, in gefe kawai ta taɓa, takan ja sama in ciki ya ƙara girma. Shi ya sa za ka kai ta Gidar ko Garwa a sake dubawa da babban inji, likita ya yanke magana. Ka yi haka yanzu, kafin ruwa ya sauka hanyoyi su yanke. In kuna da dangi a gari, ta zauna wurinsu watan ƙarshe. In kuma ta ga jini, ko kaɗan ne, ko ba ciwo, ko tsakar dare ne, a kama hanya.

Tambaya: Ni ɗalibin kimiyya ne. Me ya sa yanzu aka iya ƙanƙanta waɗannan na'urori, da ba a iya ba? Kuma mu 'yan Kamaru namu saye ne kawai?
Ɗalibi, Jami'ar Ngaundere

Amsa: Ɗana, ka fara da Willem Einthoven, ɗan ƙasar Holan. Na'urar zanen bugun zuciya da ya haɗa a farkon shekarun 1900 ta kai kilo 270, mutum 5 ke sarrafa ta, majiyyaci kuma yana zaune ya tsoma hannuwa da ƙafa ɗaya cikin bokitan ruwan gishiri. Ita ta kai shi ga lambar Nobel a 1924. Lantarkin zuciya a kan fata ɗan mitsitsi ne, wajen kashi ɗaya cikin dubu na bolt, shi kuwa ba shi da abin ƙara masa ƙarfi, sai ƙaton maganaɗisu da ake sanyayawa da ruwa. Daga nan aka shiga zamanin kwalaben nan masu haske na cikin tsohuwar rediyo, masu ƙara wa raunanan lantarki ƙarfi, amma masu cin wuta, masu zafi. A 1947 aka ƙirƙiro taransisto a Amurka, ɗan ƙaramin abin da ya maye gurbin kwalaben, a 1958 aka gano yadda za a haɗa da'irar lantarki sukutum a kan guntu ɗaya, yau guntun da bai kai farcenka ba yana ɗauke da biliyoyin taransisto. Ƙarami ba ya cin wuta sosai, abin da ba ya cin wuta ba ya neman ƙaton batir, sai kuma batirin litiyam ya shigo na'urorin zuciya a shekarun 1970. Daga baya kasuwar wayar hannu ta karya farashin kyamara da allo da batir, asibiti ya ci albarkacinta.

Wadda ta fi ba ni mamaki har yau ita ce PillCam, kyamara cikin kafso, tsawon milimita 26, ƙirar Isra'ila, aka amince da ita a 2001. Ka haɗiye ta da ruwa, tana tafe tana ɗaukar hoto 2 a daƙiƙa har wajen awa 8, tana aikawa wani ɗan akwati a ƙugunka, ta fita ta inda abinci ke fita. Tana leƙa tsakiyar ƙaramin hanji, inda tiyon da aka saba zurawa ta baki ko ta ƙasa ba ya kaiwa. Sai dai 'yar kallo ce, ba ta yanko nama, ba ta tsai da jini.

Namu kuwa ba saye kawai ba ne. Arthur Zang, wanda ya yi karatu a makarantar injiniyoyi ta Yawunde, ya lura likitocin zuciyar ƙasar nan 'yan kaɗan ne, kuma kusan duk suna Yawunde da Duwala. Sai ya haɗa Cardiopad: kwamfutar hannu da wayoyin da ake mannawa a ƙirji, nas a ƙauye ta ɗauki zanen zuciya ta aika ta layin waya, likita a birni ya karanta ya mayar da amsa. Ya samu lambar Rolex a 2014, da ta injiniyoyin Afirka a 2016. Kilo 270 ɗin Einthoven ya koma jakar goyo.

In kana neman inda za ka sa hannu, ka dubi abin da ya ƙi ƙanƙancewa. Injin wankin ƙoda har yau tsayin ƙaramin firji ne, yana shan ruwa fiye da lita 100 a zama ɗaya. Ka kuma dubi abin da ya ƙanƙance amma bai san zafinmu ba. GeneXpert, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana gano tarin fuka cikin ƙasa da awa 2, abin da a da sai an yi makonni ana renon ƙwayar cutar. Amma tana son ɗakin da bai wuce digiri 30 ba da wutar da ba ta yankewa. Wanda ya ƙera mana irinta mai jure ranar Kusseri da ƙurar hunturu, ni zan fara zuwa ɗaukar masa jaka.

Tambaya: 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iska a jini tana ba ni lambobi barkatai a kan matan da suka sa lalle. Ta lalace ne?
Wata nas, Yagwa

Amsa: Malama, lafiyarta ƙalau. Haske biyu take harbawa ta cikin yatsa, ja da wani wanda ido ba ya gani, ta auna nawa ya fito ta ɗaya gefen, don jini mai iska da marar iska ba sha ɗaya suke yi wa hasken ba. Wani ɗan Jafan, Takuo Aoyagi, ya gano dabarar a farkon shekarun 1970. Duk abin da ya tare haske ko ya rage gudun jini zai ruɗe ta: baƙin lalle, jan farce, yatsa mai sanyi a hunturu, rana kai tsaye. Ki nemi yatsan da lalle bai kama ba, ki murza shi ya yi ɗumi, ki jira lamba ta tsaya. Akwai kuma abin da ya shafe mu duka: wani bincike na Jami'ar Mishigan a 2020 ya nuna takan ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki 3 na yadda take yi wa farar fata. In ta ce 94 cikin ɗari, kamar ba matsala, yaro kuma ƙirjinsa na lotsawa, hancinsa na buɗewa, ki bi abin da idonki ya gani.

Tambaya: Wata ƙungiya ta kawo mana kyautar ƙaramar na'urar awon jini, girman littafi. Wata 5 ta yi ta tsaya. Mai gyaran rediyon garinmu ya ce ko noti ɗaya ba ta da shi da za a kwance. Yaya za mu yi?
Shugaban wata cibiyar lafiya, wajen Mokolo

Amsa: Ranka ya daɗe, ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Lokacin da nake koyon aiki, in ka buɗe bayan inji kamar ka shiga kasuwa ne, kowa da rumfarsa. Ka bi waya da ido, ka ga wanda ya ƙone ya yi baƙi, har ƙaurinsa kake ji, ka narkar da dalma ka cire shi, ka je wurin masu tsofaffin rediyo ka samo ɗan'uwansa. Akwai injin awon zuciya da na riƙe da rai shekara 15 da kayan cikin talabijin. Na yanzu an liƙe su da gam, ciki allo ɗaya ne mai 'yan abubuwa kamar tsabar gero, wasu ma an kwarara musu roba an daskarar. Suna da hujja: ruwa da ƙura ba sa shiga, ana iya goge su da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Amma in ta mutu ta mutu, sai dai a aika wa kamfani, kamfani kuma yana wata uwa duniya.

Ga kuma wani abin da masu kyauta ba sa faɗa. Kuɗin ya tashi daga kan na'ura ya koma kan abincinta. Kowace da tsinkenta ko kwalin awonta, ba ta karɓar na wani kamfani, suna da ranar lalacewa, wasu ma sai an riƙa biya musu kuɗin shekara ta intanet. Kamar a ba ka doki kyauta ne, a ce ba ya cin harawar kowa sai ta gidan mai shi. Bara na shiga wani sito na tarar da irin waɗannan kyaututtuka jere a kan kanta, ƙura ta rufe su. Na jona wasu, suka kawo haske tas. Ba abin da ya same su, abincinsu ne ya ƙare.

Nan gaba, kafin ka sa hannu a takardar karɓa, ka zaunar da su ka tambaya: wa ke sayar da tsinkayenta a Marwa ko Garwa, nawa awo ɗaya zai tsaya wa talaka, zafi nawa take jurewa, tana caji da sola, in ta tsaya lambar wa za a kira. In suka fara kame-kame, ka roƙe su su sayo muku ma'aunin hawan jini da ma'aunin jarirai da kuɗin.

Taka kuwa, kada mai rediyo ya sa mata wuƙa tukuna. Ka juya bayanta ka karanta lambar ƙarfin wutar da aka rubuta, ka gwada ta da wata caja mai daidai wannan lamba. Ka haska ramin cajin da tocila, ƙura takan toshe shi, tsinken sakace a hankali yake fitar da ita. Ka duba kwanan watan da ke jikin kwalin awon, ka duba na cikin na'urar ma, don wasu in ranar ta wuce ko agogonsu ya rikice ƙin aiki suke yi. In duk ba su yi ba, ka mai da ita kwalinta, ka ba direban motar Garwa ya kawo ta ofishin mujalla, za su kira ni. Ka haɗo da littafinta, kada kuma ka manta da cajar, don sau da yawa laifin nata ne.